Sikanar barkod tana yankewa a ƙarshen sito

Malam, ka ce sikanonin hannu da kuke karanta barkod da su suna aiki lafiya a bakin ƙofar sito, amma da yaron ya kai layin kantocin baya sai su yanke daga Wi-Fi. Ni dai ba na zargin sikanar.

Fara da rediyon, wato zangon da sigina ke bi tsakanin sikana da na'urar watsa Wi-Fi. Yawancin tsofaffin sikanoni a zangon 2.4 GHz suke aiki, kuma a nan tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Idan na'urorin watsa Wi-Fi ɗinka duk suna kan tasha ɗaya, danne juna suke yi. Ka raba musu da hannunka. Sunan Wi-Fi (SSID) da kalmar sirri su zama iri ɗaya a kowacce, tsaron kuma WPA2 da AES, don tsofaffin sikanoni ba su san sabon tsarin tsaro na WPA3 ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ƙarfin watsawa. An ƙure shi, sikana tana nuna sandunan sigina cike, amma ƙaramar eriyarta ba ta iya mayar da amsa daga can. Rage ƙarfin, ka ƙara na'ura ɗaya a saman layin baya. Kantocin ƙarfe da katan-katan na ruwa da lemo suna tare sigina sosai, shi ya sa gwaji a sito babu kaya ba ya nuna komai. Ka zaga da sikanar ranar da aka cika shi.

Sai ka kashe tsarin adana batir na rediyon sikanar, ka kuma ɗora rauta da na'urorin watsawar a kan inbata saboda ɗaukewar wuta.