Yaya ginin ATP yake, kuma daga ina kuzarinsa ke fitowa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Gusau. An koya mana cewa ATP ne ke ɗauke da kuzari a ƙwayoyin halitta, wai kuzarin yana ɗaure a mahaɗin fosfet. Yaya ginin sinadarin yake, kuma gaskiya ne haka?

Amsa: Ɗiyata, sassa uku ne suka haɗu suka yi ATP. A tsakiya akwai raibos, sukari mai zarrar kabon 5. A kabon na 1 wani sinadari mai suna adinin ke maƙale, wanda zobba biyu ne manne da juna, mai kusurwa shida da mai kusurwa biyar. A kabon na 5 kuwa fosfet uku ne a jere kamar raƙuman ayari, alfa na kusa da sukarin, sai bita, sai gama a ƙarshe. A dunƙule ana rubuta shi C10H16N5O13P3.

Batun kuzari shi ne inda nake ganin ana yawan taƙaita wa ɗalibai bayani har ya gurɓace. Tsinka mahaɗi ba ya ba da kuzari, cin kuzari ma yake yi. Abin da ke faruwa shi ne, fosfet ɗin nan uku suna ɗauke da cajin nagetif kusan huɗu a ɗan ƙaramin wuri, don haka suna ture juna kamar yadda maganaɗisu biyu ke yi idan kika haɗa fuskokinsu iri ɗaya kika danne da yatsu, shi ya sa ma a cikin ƙwayar halitta magnesiyam ke raɓe da su yana rage tsananin turin. Idan ruwa ya raba fosfet na ƙarshe da sauran, sai a sami ADP (wato ragowar ATP mai fosfet biyu) da fosfet mai zaman kansa, waɗanda suka fi ATP natsuwa. Wannan bambanci ne ke fitowa a matsayin kuzari, kimanin kilojul (ma'aunin kuzari) 30.5 a kowane mol (ma'aunin yawan sinadari) bisa ma'aunin ɗakin gwaji.

Kada kuma ki ɗauki ATP a matsayin rumbu. A tsokar nama masanin kimiyya Karl Lohmann ya gano shi a 1929, amma ATP ɗin da ke cikin damtsen manomin da ke kaftu a fadamar Bakolori ba zai kai shi fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba, sai dai maitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta mai sarrafa kuzarin abinci, ta yi ta mayar wa ADP fosfet ɗinsa da kuzarin tuwon da ya ci.