Ɗan'uwa, kafin ka zargi mazubinka, duba dalmar da aka sayar maka

Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ya taɓa samuna ne sak. Ka ce ka sayi tukunyar narka dalma da mazubin kawunan harsashi na kamfanin Lee, amma kawunan harsashin suna fitowa a yamutse, dalmar kuma tana gudaji a tukunya, kana tambaya ko kayan ne ba su da kyau. Ka kwantar da hankalinka, matsala biyu ce daban.

Yamutsewar mai sauƙi ce. Mazubin bai yi zafi ba, ko kuma akwai sauran maiƙon kamfani a cikinsa. Ka wanke shi tas, ya bushe ƙayau, ka ɗora shi a bakin tukunya ya ɗumama. Dalma tana narkewa a digiri 327 na Salshiyos, amma zubi mai kyau sai wajen 370 zuwa 400. Na farko-farkon ka mayar da su tukunya kawai. In suka fara fitowa fari-fari ba ƙyalli, zafi ya yi yawa, ka ɗan sassauta.

Gudajin nan kuwa shi ya tayar mini da tsohon miki. Ina kyautata zaton tutiya ce ta shiga. Ni wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa ne ya yi mini haka. Ya narkar da dalmar balansin taya (ƙananan ƙarafan da ake maƙalawa a ƙafar mota don daidaita ta) da kansa, ya zuba ta curi-curi, ya rantse mini cewa ɗaya bayan ɗaya ya tsince. Na yarda da shi, don mun daɗe tare. Ina narkarwa sai ta koma kamar jiƙaƙƙen yashi, ba ta gudana, ba ta cika mazubi. Abin da ya fi ƙona mini rai, na riga na haɗa ta da tsabtatacciyar dalmar da na daɗe ina tarawa, har da kuzar da na saya da tsada. Duk suka lalace. Da na koma masa, ko kunya babu ya ce ai ni ne ban iya ba. Ban iya ba! A gaban mutane ya faɗa, yana dariya. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake yi. Ko haƙuri bai ba ni ba, balle kuɗi.

To ka ji. Balansin taya na yanzu da yawa tutiya ne ko ƙarfe. Ka danna kowanne da filaya: dalma za ta lotsa, tutiya ba za ta lotsa ba, wasu ma an rubuta Zn, alamar tutiya, a jiki. Tutiya sai wajen digiri 420 take narkewa, saboda haka in kana da ma'aunin zafi ka tsaya ƙasa da haka, za ta taso sama ka kwashe. Kada ka sayi curin da ba ka ga narkarwarsa ba, ko waye mai shi. In kana so ka huta, ka nemi haɗin Lyman #2: dalma kashi 90 cikin ɗari, kuza kashi 5, ƙarfen antimoni kashi 5. Kuza ke sa ta cika kusurwoyi, antimoni ke sa ta tauri.

Ba ka tambaya ba, amma dole na faɗa: ruwa. Ɗigo ɗaya in ya nutse cikin narkakkiyar dalma, tururi zai watso ta har fuskarka. Ludayi mai sanyi ma ka ɗumama shi tukuna. Tabarau, safar hannu ta fata, dogon hannu, rufaffen takalmi. A waje ko inda iska ke ratsawa. Batirin mota kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka taɓa, haɗin da ke ciki yana iya fitar da iska mai kisa. Don Allah kada ka ci ko ka sha a wurin, ka wanke hannu, ka canza kaya kafin ka ɗauki yaro. Gubar dalma ta fi illa ga ƙananan yara, kai ma ka riƙa gwajin jini.

Af, ka riƙa zuba ɗan garin katako busasshe kana juyawa, yana tattara datti. Kuma ka auna faɗin cikin bututun bindigarka. Yawanci ana so kan harsashin ya ɗara shi da 0.001 na inci, in ba haka ba dalma za ta riƙa liƙewa a ciki. Awon albarushi daga littafin da aka buga don kawunan dalma kaɗai za ka ɗauka, ba daga bakin kowa ba, har ni. Ina fata takardunka na izini sun haɗa da wannan aikin, don dokar ba ɗaya ba ce ko'ina.

Turo mana hoton gindin kawunan da na saman tukunyar tana kan wuta, mu tabbatar ko tutiyar ce.