Karatun jami'a da sitaj a kabinen odit: za su haɗu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekara ta 3 ta lisansi, fannin tattalin arziki da gudanarwa, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wani kabine mai binciken asusun kamfanoni ya yarda ya ɗauke ni sitaj daga Disamba zuwa ƙarshen Afrilu, kuɗin mota kawai za su riƙa ba ni. Damuwata ita ce darussa ba su tsayawa, jarrabawa kuma cikin waɗannan watannin za ta faɗo. Mahaifina ya ce in bari sai na gama, abokai na cewa irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Burina in zama ƙwararren akanta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka karɓi sitaj ɗin, amma ba a kan sharaɗin da suka kawo maka ba. Kuma ka saurari mahaifinka da kyau, don ya hango abin da abokanka ba su hango ba.

Wanda zai sa hannu a asusun kamfani a Nijar sai sunansa ya shiga rajistar ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa. Hanya biyu aka fi bi. Akwai ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa: ka ci jarrabawar difloma ta DESCOGEF, ka yi horon shekara 3 a hannun wani ƙwararre, sannan ka zauna jarrabawar ƙarshe ta DECOFI. Akwai ta Faransa: diflomar DCG, diflomar DSCG, horon shekara 3, sai difloma ta ƙarshe, DEC. A duka biyun, wancan horo na shekara 3 ba daga matakin lisansi ake fara ƙirga shi ba. Ma'ana, watanni biyar ɗin da za ka yi yanzu za su koya maka aiki sosai, za su kuma buɗe maka ƙofofi, amma ko kwana ɗaya ba za su rage maka a wancan lissafi ba. Lisansi kuwa kiredi 180 ce, 30 a kowane zango. In ka zubar da zango guda saboda kabine, ka jinkirta burin naka da hannunka. Na ga yara masu hazaƙa da aiki ya yi musu daɗi suka daina tsallaka Gadar Kennedy zuwa Harobanda inda jami'ar take, yau shekara da shekaru suna nan ƙananan ma'aikata, waɗanda suka koya wa aiki sun zo sun wuce su da takarda. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Sa'ar da ka yi ita ce aikin odit, wato binciken asusu, yana da kalandarsa, ba a ɓoye take ba. A ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka ciki har da Nijar, shekarar lissafi tana rufewa ranar 31 ga Disamba. Kamfani na da wata 4 ya kammala bayanan kuɗinsa, wato zuwa 30 ga Afrilu, babban taron masu hannun jari kuma cikin wata 6. Dole takardun su isa hannun mai binciken asusu kwana 45 kafin taron. Shi ya sa kabine ke neman hannu daidai wannan lokaci, shi ya sa kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu ba a barin biro da wuri, ga zafin Yamai, ga ɗaukewar wuta. Tunda ka san haka, ka san inda za ka matsa da inda za ka saki.

Ƙarshen Disamba kada ka bari ya wuce ka. Lokacin ƙirgar kaya ke nan, kuma kwana biyu ko uku ne kacal. A can ne za ka ga abin da lambobin asusu na rukuni na 3, wato na kayan ajiya, a SYSCOHADA, tsarin lissafin ƙasashen OHADA, suke nufi. Ina tuna wata ƙirga da muka yi a wata mangazar shinkafa, da sanyin hunturu, ƙura ta rufe mana gira. Mai tsaron mangaza ya ce layi kaza ne, hawa kaza, mu ninka kawai. Babbanmu bai ce uffan ba, ya sa aka kawo tsani, ya ce in hau. Da na leƙa daga sama sai ga rami a tsakiyar tarin, buhuna sun kewaye shi kamar rijiya. A takarda komai daidai yake. Babu malamin da zai iya nuna maka wannan a allo.

Sauran aikin da ake ba sabon shiga ba shi da kwarjini, amma shi ne tushen sana'ar: daidaita asusun 521, wato na banki a littafin kamfani, da takardar banki, ƙirga kuɗin kes a gaban mai riƙe da shi a sa hannu tare, tura wasiƙu ga masu bin kamfani bashi da waɗanda yake bi don su tabbatar da adadin, zaro faktir ɗaya bayan ɗaya a duba ko NIF, lambar shaidar mai biyan haraji, yana kai, ko harajin TVA na kashi 19 cikin 100 ya fita daidai. Yawancin wannan ana iya yanka shi rabin yini rabin yini, kuma nan ne bakin cinikinka yake.

Ka je wurin shugaban kabinen kafin ka fara, da jadawalin darussanka a hannu. Ka nemi ranaku tsayayyu, misali yini biyu cikakku da yamma biyu a mako, da hutun mako biyu kafin jarrabawa har ka gama ta. A rubuta wannan cikin yarjejeniyar sitaj, jami'a ta buga hatiminta, a sa sunan wanda zai kula da kai. Maganar baki ba ta kai Maris, don idan aiki ya taso kowa mantawa yake. Ka faɗa musu tun yanzu cewa aikin da ke buƙatar tafiya Tawa ko Maraɗi na mako guda ba za ka iya ba sai lokacin hutu. Kada kunya ta hana ka. Mai kabinen da ya bi ta wannan hanya ya san darajar jarrabawa. In kuwa ya ce ko dai kullum ko a fasa, to taura biyu ba ta taunuwa: ka yi masa godiya, ka roƙi ya bar ka ka zo ƙirgar Disamba kawai, sauran kuma bayan jarrabawa.

Karatun da aikin za su ciyar da juna in ka ba su dama. SYSCOHADA da aka sabunta ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ita ce kake karantawa a aji, ita ce kuma za ka tarar a kan tebur. Ka ajiye ɗan littafi a aljihu, duk abin da ya ɗaure maka kai a biro ka rubuta, da dare ka nemo babinsa. Ka ƙware a Excel tun kafin Disamba, don shi za ka fi taɓawa. Taken rahotonka na ƙarshen lisansi ma daga nan zai fito.

Abu guda ne ba a yafewa a wannan sana'a, shi ne sakin baki. Za ka ga albashin mutanen da ka sani, za ka ga bashin ɗan kasuwar da ake girmamawa a unguwarku. Ba a kai shi fada wurin shan shayi, ba a ɗaukar hotonsa a tura ta WhatsApp, ko ga abokin karatu don neman taimako. A rahotonka ma sai ka ɓoye sunan kamfani, ka kuma nemi izinin wanda ke kula da kai. In aka tura ka inda ɗan'uwanka ke riƙe da kes ko mangaza, ka faɗa tun kafin a tashi, a canza ka.

Game da Baba, kada ka yi masa gardama. Idan yarjejeniyar ta fito da ranakun jarrabawa a rubuce, ka kai masa ya gani da idonsa, ka nemi albarkarsa kafin ka sa hannu. Allah ya ba da sa'a.