Wain mai tsada a teburin dina

Ka tambaye ni ko wain marar giya mai tsadar nan ya cancanci kuɗinsa, ko mu riƙa sayen mai araha mu huta. Da ɗaya daga cikin yaran nan masu latse-latsen waya a bakin aiki ne ya tambaya, da ban tanka masa ba. Kai ka daɗe kana ɗaukar kula a bayana, don haka zauna ka ji.

Bambanci akwai, ban ce babu ba. Mai kyau zaƙinsa ba ya hawa kai, gas ɗinsa kuma yana jimawa a tambulan. Amma duk ruwan inabi ne, ko Eva ta Sifen ko Chamdor ta Afirka ta Kudu, kwalbar mililita 750 da ba ta wuce tambulan shida. A zauren da kiɗa ke tashi, mutum ya cika baki da kaza mai yaji, wane harshe ne zai rarrabe? Ko can wajen masu shan mai giyar, a shekarar 1976 an zauna a Paris, aka ɓoye sunayen kwalabe, alƙalan Faransa da kansu suka ɗora wain ɗin Kalifoniya a kan nasu. Abin da baƙo ke ji shi ne sanyi. Kwalba mai araha da ta kwana a ƙanƙara ta fi mai tsadar da ta sha rana a bayan mota, wannan ko a gaban wa zan faɗa.

Tambayarka ta tuna mini da wani mutum da har yau in na ji sunansa sai raina ya ɓaci. Kawun amarya ne, shi aka damƙa wa hidimar dina. Ya zo da babbar riga tana ƙamshi, ya ce shi ba ya son kayan talakawa, manya za su zo daga Abuja, kowane tebur a ɗora mafi tsada. Na ce masa, ranka ya daɗe, kuɗin katan ɗaya na wannan zai sayi uku na wancan, mu sa mai tsadar a teburin ango da amarya da na iyaye, sauran a ba su mai sauƙi da sanyinsa. Ya dube ni sama da ƙasa, wai ko kuɗina ne. Ya ba da kafin alƙalami da bai kai rabi ba, ya ce ciko sai an tashi. Ni kuma don girman rigar da sunan gidan, na je kasuwar Singa na ɗauko kaya bashi a wurin mutumin da ya yarda da ni tun ina yaro.

Daren bikin ina can baya wajen abinci, ashe yaransa sun shiga ɗakin ajiya, sun ce wa yarona Alhaji ne ya ce a kai katan-katan mota don baƙin da ke masauki. Kafin a yanka kek kwalabe sun ƙare, tebura rututu babu abin sha. Washegari na je karɓar ciko, sai mutumin nan ya tara mini 'yan'uwansa, ya ce na kunyata su a gaban surukai, na karɓi kuɗi na kawo kaya rabi. Ko kwabo bai ƙara ba. Babur ɗina na sayar na biya mai kaya. Bayan 'yan makonni aka yi walima a gidansa, wani abokin sana'a da ya yi musu aiki ya ga katan-katan ɗina, da alamar da nake yi musu da alƙalamin maka a gefe. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa kake ganin ina ƙirga kaya a gaban mai biki, ya sa hannu, makullin ɗakin ajiya kuma yana aljihuna. Wanda ya nace sai mai tsada, ya biya duka kafin in taka kasuwa.

Kuma tsada ba ta hana jabu, ita ce ma ke jawo shi, don babu mai wahalar kwaikwayon abin da ba riba. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba, ta tarar da shaguna ana ɗura ruwan banza a tsofaffin kwalabe masu suna. Yadda ake duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa ba sai na koya maka ba. Abin da ku yaran yanzu ba ku karantawa shi ne takardar da ke jikin kwalbar. Akwai wanda ruwan inabi ne tsantsa, bai taɓa tsimuwa ba, akwai wanda aka tsima ya zama giya sannan aka cire barasar, kuma irin wannan yakan rage ɗan kaɗan, har zuwa 0.5 cikin ɗari. Kada ka kuskura ka kai shi teburin mutanenmu, komai kyan kwalbarsa.

Bikin Asabar ɗin nan, katan biyu na mai tsada sun ishi babban tebur. Sauran kuɗin ka ƙaro mana ƙanƙara da su, kuma tun daren Juma'a nake son kwalaben su shiga ciki.