Matsa ƙashin baya zai miƙar da ranƙwafawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu matsa ƙashin baya da hannu, wato 'yan kairofarakta, za su miƙar maka da bayan da zaman kwamfuta ya ranƙwafar. Matsawar ita kaɗai ba za ta yi ba. Takan rage ciwo da sanƙarewa na ɗan lokaci, amma ƙarar da kake ji ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa. Matsalar a tsoka take: ta ƙirji ta ɗaure, ta tsakanin kafaɗu ta yi rauni. Ka ɗaga allon kwamfuta daidai idonka, ka riƙa tashi duk minti 30, sannan ka ja haɓa baya ka riƙe daƙiƙa 5, sau 10, safe da yamma.

Sharaɗin shi ne ka fara gwadawa: kwanta rigingine a ƙasa. In bayan ya miƙe, sabo ne kawai. In doron yana nan, ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, sai an ɗauki hoton ƙashi, don karkatar ƙashin baya zuwa gefe da ta kai digiri 10 ba ta gyaruwa da hannu. Mai raunin ƙashi, ko wanda ƙafarsa ke sagewa, ko fitsari ke kufce masa, asibiti zai nufa. Murɗa wuya kuwa ban ba ka shawara ba. Ba kasafai ba, amma yakan yaga jijiyar jini.