Kafin a ce tsutsa sabuwa ce

Isiyaku, ka ce ka ji an ciro tsutsa mai gashi daga ƙasan tekun Antatika an raɗa mata suna, kana mamakin yadda suka san ba a taɓa ganinta ba. Jawo kujera.

Dangin tanar nan ce da muke tonowa a bakin dam ɗin Kubanni, ita da matsattsaku. Jikinta gaɓa-gaɓa, sai dai kowace gaɓa tana da 'yan ƙafafu biyu masu tsiron gashi. Irin da aka riga aka sa wa suna sun haura 10,000, don haka rashin saninka ba hujja ba ne.

Tun a kan jirgi aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Polarstern, jirgin Jamus mai fasa ƙanƙara, ya kwaso laka daga zurfin tekun Weddell a 2002 da 2005. Lakar nan a hankali ake tace ta da rariya mai ido rabin milimita ko ƙasa da haka, kuma da ruwan teku mai sanyi, domin halittar da ta saba da ruwa mai dab da daskarewa ba ta jure ɗumi. Sai a sa tsutsar a ruwan magnesium chloride ta saki jiki. In ka yi gaggawa ka jefa ta cikin magani da ranta, za ta ƙanƙance ta kakkarye, masu ɓawo a baya kuma su zubar da shi, alhali ɓawon nan yana cikin abin da za a duba. Daga nan a raba: wasu a fomalin don siffa ta tsaya, wasu a etanol mai ƙarfi don awon DNA. Fomalin yana lalata DNA. Wanda ya juye duka a ciki ya rufe wa kansa ƙofa ɗaya.

Sannan zaman maikiroskof. Eriya nawa ce a kai? Akwai muƙamuƙi? A gaɓa ta nawa gashi mai ƙugiya ya fara, kuma haƙori ɗaya ne a bakin ƙugiyar ko biyu? Yadda dillalin kara yake raba Bunaji da Bokoloji da duban ƙaho da tozo, haka ido yake gogewa. Kuma ni dai har gobe ina fifita zane a kan hoto, don mai zane dole ya yanke shawara a kan abin da ya gani.

Wahalar tana wajen tsofaffin takardu. Dole ka bi bayanin masani McIntosh na 1885 a kan tsutsotsin da jirgin binciken Birtaniya Challenger ya kwaso, ka bi na Olga Hartman na shekarun 1960, in ta kama ka aro ainihin tsutsar da suka duba daga gidan ajiya na Landan ko Washintan. Masanan farko sukan liƙa wa tsutsar kudu sunan wata ta Turai saboda kama, sai awon wani yanki na DNA da ake kira COI ya nuna ba ɗaya ba ne. Amma awon ishara ce kawai, sai an koma jikin an nuna bambancin.

In komai ya tabbata, a ware guda ɗaya ta zama abin misali, a ajiye a gidan ajiya da lambarta, a ba ta suna kalma biyu na Latin bisa tsarin da aka ɗauko daga Linnaeus, masanin Suwidin, tun 1758, a buga. In mujallar ta intanet ce kaɗai, daga 2012 sai an yi wa takardar rajista a ZooBank, kundin rajistar sunayen dabbobi.

Mu a Samaru ba mu da teku, amma hannun ɗaya ne. Gobe ka fito da kwalaben tana, ka ƙirga min gaɓoɓi daga baki zuwa ɗamara, wato kumburin nan da ya kewaye jikin tana. Takardar da za ka jefa ciki ka rubuta wuri da rana da fensir, tawadar biro sifirit yana wanke ta.