Kafet yana zamewa a kan tayil, me za a sa a ƙarƙashi?

'Yar'uwa, kin ce kafet ɗin falonku yana zamewa a kan tayil, har Hajiya ta kusa faɗuwa. Don Allah kada ki jinkirta, karayar ƙugu ga dattijuwa babbar wahala ce.

Ki nemi shimfiɗar roba mai raga-raga wajen masu sayar da kafet. Ki yanka ta ta gaza kafet ɗin da kamar santimita 3 ta kowane gefe, don bakinsa ya kwanta a ƙasa. Kafin ki shimfiɗa, ki goge tayil ya bushe sarai, domin ƙura na hana robar kamawa. Shi ya sa lokacin hunturu sai kin riƙa ɗagawa kina wanke ta da sabulu.

Gefen da ya riga ya nannaɗe kuwa, roba ba za ta gyara shi ba. Ki janye wannan daga hanyar da Hajiya take bi.